Jirgin Kano zuwa Legas: awa ɗaya da rabi ne a tikiti, amma fa da sauran magana

Jama'a barkanmu da warhaka. Tambayar da aka fi yi min a shago tunda aka ga ina yawan sauka Legas sarin kayan waya ita ce wai Kano zuwa Legas awa nawa ne a jirgi, kuma wai ya kai a zuba masa wannan uban kuɗin ko gara mutum ya daure ya bi motar dare. To bari na faɗi abin da na gani game da kamfanin da na fi hawa, sunansa kam ba zan kama ba don akwai yabo akwai suka a ciki, kuma in gaskiya za a bi yawancin abin da zan faɗa in ka je wajen sauran ma duk kanwar ja ce.

Nisan tukuna. In aka ja layi miƙe daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja, kilomita 830 ne da 'yan kai. A mota ya haura 1,000, in ta Abuja da Lokoja ka bi ma ya doshi 1,200. Jirgin da ba ya yada zango a ko'ina abin da suke rubutawa a tikiti awa ɗaya da rabi ne, wani sa'in su ƙara minti biyar ko goma, amma ni da nake duba agogo daga sanda taya ta bar ƙasa zuwa sanda ta sake taɓa ƙasa abin bai cika wuce awa ɗaya da kwata ba. Wani yaron shagona mai son lissafi ya ce min to ai oga tunda jirgi na gudun kilomita 800 a awa kamata ya yi awa ɗaya cif ta isa. Na ce masa wannan gudun sai ya gama hawa sama ya daidaita yake yin sa, hawan kansa ya kan ci kusan minti ashirin, sannan tun saura kamar rabin awa a isa yake fara rage gudu yana gangarowa, ga shi ba miƙewa yake ɗoɗar ba akwai hanyoyin da masu kula da sararin sama suke ɗora shi a kai, in kuma an zo Legas an tarar da layi sai ya ɗan yi shawagi kafin a ba shi izini. Lokacin da ke jikin tikiti kuma tun daga ja da baya a wajen fakin ake fara ƙirga shi har zuwa sanda zai tsaya a kashe inji a can.

To awa ɗaya da rabin nan gaskiya ce, ban taɓa kama su da ƙarya a kanta ba. Matsalar ita ce shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta a tafiyar. Wanda bai saba ba sai ya ce wa mutumin da zai tarbe shi a kasuwar Idumota da ke tsibirin Legas ai nan da awa biyu ina wajenka, wallahi ba ka wajensa.

Ga yadda ranar take tafiya in komai ya tafi daidai. Jirgin ƙarfe bakwai na safe, dole kana filin tun shida saura, don ana rufe kantar tantance fasinja kamar saura minti 40 ko 45 a tashi kuma in sun rufe sun rufe, ko kana hango jirgin ta gilashi ba mai sauraronka. Kenan ana idar da sallar asuba ka fito, wani lokacin ma sai dai ka yi ta a masallacin filin. A nan mu Kanawa Allah ya taimake mu, filin namu a cikin gari yake, daga Fagge ko Sabon Gari ko Kurna ɗan adaidaita minti goma sha biyar ya kai ka da asubar nan, ko daga Hotoro ko Kabuga kake ba ka wuce rabin awa. Dalili tsohon fili ne, shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, tun 1936 yake aiki, kuma dama jirgin sama na farko da ya taɓa sauka a Najeriya a Kano ya sauka a 1925, garin ne ya girma ya zo ya kewaye filin. Kwatanta da na Abuja da sai ka yi tafiyar kusan kilomita 40 daga cikin gari. An tashi bakwai, an sauka takwas da rabi, kafin a buɗe ƙofa a fito a jira jaka tara ta yi. Daga nan kuma sai abin da Legas ta ga dama.

Ni harkata yawanci a Computer Village take, kasuwar waya da kwamfuta nan cikin Ikeja, daga filin jirgin cikin gida tafiyar 'yan mintuna ce, don haka tara da rabi ina cikin kasuwa ina ciniki. Wanda zai je Agege wajen 'yan uwa shi ma da sauƙi. Amma mai zuwa Balogun ko Idumota sai ya bi ta Oshodi ya hau gadar nan ta Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, kuma da safe kowa can ya nufa, awa ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne. Mai zuwa kasuwar Alaba ko ta Trade Fair ta hanyar Badagry kuwa Allah ya ba shi haƙuri, na sha ganin ranar da daga Ikeja zuwa Alaba ya fi Kano zuwa Ikeja daɗewa, kana zaune a tasi zufa na karyo maka kana tuna ɗazu-ɗazun nan ka ƙetare rabin ƙasa ba ka ko gama shan ruwan robarka ba. Idan ka haɗa duka daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar shagon da za ka, lissafa awa huɗu da rabi zuwa shida. Wannan fa ranar da aka yi sa'a kenan.

Maganar tikiti. Manhajarsu ta waya ba laifi tana aiki, ka zaɓi rana ka zaɓi kujera ka biya da kati ko tiransifa. Sau ɗaya dai suka taɓa ja min rai, kuɗi ya fita alat ya shigo amma tikiti shiru, na kira layin nasu ya yi ta kiɗa ba a ɗauka ba, sai da na taka ofishinsu da ƙafata, a nan kam yarinyar da ke kanta ta yi ƙoƙari, ta duba ta ce Alhaji kuɗinka ya shigo, minti goma ta fitar min. Tun daga nan in tafiyar ta gaggawa ce gara na ba ejan ɗan wani abu ya yi min, in matsala ta taso shi zai yi ta fama da su. Abu ɗaya, sunan da ke tikiti ya zama daidai da na katin shaidarka, ko katin ɗan ƙasa ko na zaɓe ko lasin ko fasfo, mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu a takardu daban-daban sai an kula, na ga wanda aka tsayar a kanta ana ta ja-in-ja da shi a kan wannan.

Kuɗin kuwa sai dai a ce innalillahi. A farkon 2022 da kamfanoni suka mayar da mafi arhar tikiti naira dubu 50 ƙasar nan har ta ɗauki ihu, yau wa ya ga dubu 50, zuwa kawai ba dawowa sai ka ajiye dubu ɗari da ɗoriya, in kuma ranar tafiyar ka saya ko lokacin sallah ko ƙarshen shekara sai abin da suka yanka maka. Ba wai ina kare su ba ne amma na fahimci inda abin ya samo asali, man jirgi shi ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗinsu, kayan gyara da dala ake saye, babban gyara yawanci sai an kai jirgin waje, inshora dala, hayar jirgi dala, mu kuma naira muke biya, tunda aka saki naira a tsakiyar 2023 kowa ya san inda dala ta kai. Dabarar da na sani guda ce, saya da wuri kamar sati biyu kafin tafiya, kuma tsakiyar mako ya fi Juma'a da Lahadi sauƙi.

Cikin jirgin tsaf yake gaskiya, ba wari ba datti, sanyi na aiki da zarar an tada inji, kafin nan dai in da rana ne a Kano za ka ɗan dahu. Kujerun sun ɗan kwana biyu, dogon mutum gwiwarsa na dukan ta gaba, in kana da tsayi ka roƙi ta bakin ƙofar gaggawa tun a kanta. Abin taɓawa kuwa kar ka sa rai, ƙaramar robar ruwa ce da ɗan biskit ko kek a leda, ka karya tun a gida. Ma'aikatan ciki ba su da wulaƙanci, suna taya tsofaffi ɗaga jaka, wannan na yaba.

Inda na fi jin haushinsu shi ne sanarwa. Jirgi ya tashi daga Kano, fiye da rabin mutanen ciki Hausawa ne, 'yan kasuwa, tsofaffi masu zuwa asibiti ko ganin jikoki, mata masu zuwa biki, amma daga yadda ake ɗaura bel har abin da za a yi in an samu matsala duk da Turanci, kuma Turancin ma irin na sauri ta lasifika mai shaƙewa wanda ni da na yi boko sai na kasa kunne. Wata tafiya da damina na zauna kusa da wata dattijuwa, daga gani hawanta na farko kenan, carbi a hannu, mun wuce rabin hanya sai jirgi ya shiga hadari ya fara gargada, aka yi wata magana a lasifika, ta damƙo hannun rigata.

"Ɗan nan me suka ce, faɗuwa za mu yi?"

Na ce "A'a Inna, cewa suka yi kowa ya zauna ya ɗaura bel, gajimare muka shiga, yanzu zai wuce."

Ta ce "To su faɗa da bakin da za mu ji mana, mutum ya san irin addu'ar da zai yi."

Dariya ta kama ni amma wallahi gaskiyarta. Me zai ci musu in sun sa mutum ɗaya mai jin Hausa a wannan layin, ko su naɗi sanarwar a faifai su riƙa sakawa? Minti biyu ne fa. Gargadar kanta ba abin tsoro ba ce, an fi samunta da damina musamman da yamma in hadari ya haɗu a Kudu, wani dalilin kenan da ya sa na fi son na safe. Mai ciwon kunne kuma ya riƙe cingam, wajen saukowa ne kunne ke toshewa, yara ma a nan suke fara tsala kuka.

In ka samu taga ka more. Da rani kana tashi ƙasa ja-ja fari-fari, gonaki an girbe, can sai ka ga ta fara duhu, a saman jihar Neja in sama ta washe za ka hango kogin Kwara yana walƙiya, daga ka tsallake shi sai kore ya fara yawa har ka shiga kurmi sosai, kafin ka ankara sai rufin kwano ba iyaka, sau da yawa ta saman wajen Agege ake gangarowa. Ana buɗe ƙofa wannan iska mai ɗumi da laima ta dake ka ka san ka zo Ikko.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato dawowa. Duk yabon da na yi a sama na jirgin safe ne. Jirgin yamma daga Legas zuwa Kano wani abu ne daban, kuma sai da wani da ke aiki a harkar ya yi min bayani na gane dalili. Kamfanonin nan jiragensu ba su da yawa, jirgi ɗaya shi zai yi Kano Legas da safe, ya yi Legas Abuja, ya dawo, ya leƙa Fatakwal ko Owerri, ya dawo, sannan ya ɗauke ku zuwa Kano. In ya makara minti ashirin a zangon farko, a na biyu ya ƙara talatin, a na uku ruwan sama ya tsare shi, kafin ya zo kanku abin ya taru ya zama awanni. Na safe kuwa a filin ya kwana, ba inda ya je balle ya makara. Shi ya sa tikiti iri ɗaya kuɗi iri ɗaya amma kusan ba kaya ɗaya kuka saya ba.

Mafi munin da na gani, jirgin ƙarfe huɗu na yamma ne. Mun zo tun biyu da rabi saboda tsoron gosulo, aka ba mu bodin fas, wato takardar shiga jirgi, lafiya lau, huɗu ta yi shiru, biyar saura aka ce a yi haƙuri saboda wasu dalilai na aiki, kullum dai dalilan aiki, ba wanda zai ce maka ga abin da ya faru. Muka yi magariba, muka yi isha, wajen cajin waya ya zama abin faɗa, wani bawan Allah da zai je ɗaurin aure Katsina washegari da safe ya yi ta zarya tsakanin kanta da kujera har ya gaji ya zauna. Sai wajen tara na dare muka tashi. Wani Alhaji a gefena ya ce da daga Kano muka nufi Jidda da yanzu mun sauka, kuma bai yi ƙarya ba, Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne, tafiyar awa biyar ko ƙasa da haka. Jinkirin bai ƙona min rai kamar shirun ba. Da tun ƙarfe huɗu sun ce jama'a jirginku yana Fatakwal ba zai iso ba sai takwas, da mutum ya fita ya ci abinci mai kyau ya kira gida ya sake shiri, amma sai a riƙa ja maka rai da minti talatin minti talatin.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba, akwai doka a kan wannan. Ƙa'idar NCAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a ƙasar nan, ta ce a jirgin cikin gida in jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin sha da abin taɓawa, in ya wuce awa uku kana da ikon cewa a mayar maka da kuɗinka, in kuma abin ya kai tsakanin goma na dare da huɗu na asuba su ba ka masauki da motar kai ka. Hukumar na da teburin karɓar koke a manyan filaye. Ranar nan sai da wata mata 'yar boko ta miƙe ta karanto musu wannan da ƙarfi sannan aka fito da katan na lemo da biskit. Mu 'yan Arewa mun cika cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri mu yi shiru, haƙuri da kyau amma tambayar haƙƙinka cikin ladabi ba rashin tawakkali ba ne. Mayar da kuɗin dai kar ka ɗauka a ranar za ka gani, nawa da aka taɓa soke jirgi ya ɗau makonni ina bibiya.

Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu in ƙurar nan ta sauko Kano, nan kam ba na ganin laifin kowa, akwai iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a bar shi ya sauka, in bai kai ba bai kai ba, gara a kwana a Legas da a yi ganganci da rayuka. Wani lokacin jirgi zai taso har ya zo saman Kano ya yi ta zagaye ya juya Abuja. A wannan lokacin ko na safen ma ba shi da tabbas, don haka in kana da abin da ba ya ɗaguwa, jarrabawa ko intabiyu ko jirgin ƙasar waje da za ka kama a Legas, tafi tun ana gobe, kar ka yarda ka haɗa su rana ɗaya.

Wani tarkon kuma shi ne jirgin da ke biyawa ta Abuja. Wajen saye ka duba da kyau, in ka ga lokacin ya nuna awa uku ko fiye to mai tsayawa ne. A nisa bambancin ba wani abu ba ne, Kano zuwa Abuja wajen kilomita 365, Abuja zuwa Legas wajen 510, ka ga ƙarin bai kai 50 ba, amma a lokaci ninki ne, don sai an sauka, wasu su fita, a ƙirga waɗanda suka rage, wasu su shigo, wani sa'in a sha mai, kuna zaune a ciki kusan minti 40, sannan a sake hawa daga farko. In bambancin kuɗin dubu goma ne ko sha biyar ni dai na fi son na biya na tafi kai tsaye.

To a kwatanta da mota fa? Na yi shekaru ina bin doguwar bas ta New Road a Sabon Gari, na san ta ciki da bai. A ce za a tashi azahar sai la'asar ana ɗaurin kaya, a bi Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, a ratsa ta Ondo a faɗa Ibadan, in an yi sa'a washegari da hantsi ko azahar kana Legas, awa 18 zuwa 24 kenan in mota ba ta lalace ba. Tsohuwar hanyar Birnin Gwari da Tegina da Mokwa zuwa gadar Jebba da Ilori ta fi kusa amma matsalar tsaro da lalacewar titi sun sa direbobi da yawa sun guje ta. Ta Lokojan ma ba ta da tabbas da damina, a 2022 da ruwa ya shanye titi a Koton Karfe mutane kwana da kwanaki suka yi a hanya. Ga shingaye ba adadi, ga ƙafa ta kumbura, ka isa Legas ranar ba ka da wani amfani sai barci. Kuɗinta dai bai kai rabin na jirgi ba, kuma za ka ɗauki kaya son ranka. Jirgin ƙasa kuwa tsohon layin da aka haɗa tun 1912 kilomita 1,126 ne, da aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012 sama da awa 30 yake yi. Sabon layin guntu-guntu yake, Abuja zuwa Kaduna tun 2016, Legas zuwa Ibadan tun 2021, ranar da aka haɗe su har Kano ina ganin da yawanmu za mu huta da wannan zancen.

Ni lissafina na ɗan kasuwa ne. In na bi mota zuwa da dawowa kwana huɗu shago ba ni, da jirgi ina iya tafiya Talata da safe na gama sari na kwana ɗaya na dawo Laraba, kwana biyun da na tsira da su sun biya bambancin kuɗin, balle in ka sa zancen tsaro a sikeli. Amma ɗalibi ko mai zuwa ci-rani ko wanda ba abin da ke korar sa, ban ga dalilin da zai sa ya ci bashi don ya hau jirgi ba. In maki zan ba kamfanin nan, jirginsu na safe mai tafiya kai tsaye takwas cikin goma, na yamma huɗu, kuma huɗun ma don matuƙansu na sauka a hankali ne ba sa buga mu da ƙasa. Shi ya sa yanzu ko a dawowa na gwammace na ƙara kwana a Agege na bi na farko da safe.

Kaya kuma a kula. Kilo 20 suke bari a ƙaramin tikiti, wasu kamfanonin 23, jakar hannu kilo shida zuwa bakwai, abin da ya haura kowane kilo da kuɗinsa kuma ba sa ragi, na ga wata Hajiya da ta ɗauko buhun Ghana-mos-go biyu na tsaraba, kilishi da yaji da kuka da daddawa da atamfofi, kuɗin ƙarin kayan ya kusa rabin tikitinta, tana ta "haba ɗana ka duba min" yaron yana cewa Hajiya ba ni ba ne sikeli ne. Kilishi da yaji ba mai hana ka, amma zuma da man shanu da manja sai an yi musu ɗauri na gaske kuma a cikin babbar jaka, wani sa'in ma su ƙi karɓa. Fawa bank kuma akasin haka, a hannu ake riƙe shi ba a sa shi a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi. Ni kayan da na saro ba na ma kai su filin jirgi, webil nake yi a ba direban bas ko tirela su same ni a Kano bayan kwana biyu ko uku, na taho daga ni sai 'yar jakata, ko jiran bel ɗin kaya ba na yi.

Ranar dawowa ka duba tikitinka ka ga daga wane gini za ku tashi, don na cikin gida biyu ne a Ikeja, akwai MMA2 da aka buɗe a 2007 akwai kuma tsohon da ake ce wa GAT, na ƙasashen waje kuma yana can wani gefen daban da ɗan nisa. In ka ce wa ɗan tasi eyafot kawai ka yi shiru yana iya kai ka wanda ba shi ba, kuma ku gama ciniki tun kafin ka shiga, ko ka kira mota ta manhaja ka ga kuɗin a rubuce, don suna ganin hula da jamfa farashin yake canzawa.